Wanda Ya Yi Shiru Ake Fara Dubawa

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Baban yara da 'ya'yana duka. Yaya ƙafar Mama? Ki ce mata ta daina wasa da maganin nan, surukinta yana tambaya. Mu nan lafiya, sai godiyar Allah.

Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. Kin san ni da biro. Kuma a waya da na fara sai ki katse ni da "Auta, sauko ƙasa." To yau dai ki bar ni a saman in gama.

Likita ya ajiye aiki, zai tsaya takarar ɗan majalisa. An ce ma'aikacin gwamnati ba ya takara da rigar aiki a jikinsa, don haka ya kwaso farar rigarsa da abin sauraren ƙirjinsa, ga su nan rataye a bayan ƙofar ɗakinmu.

Abin da ya jawo, iskar oksijin ce ta ƙare musu a ɗakin gaggawa, wata mata mai asma ta cika a hannunsa yana kallo. Ba ita ce ta farko ba. Ya kai kuka wajen na sama har bakinsa ya gaji. Ranar ya dawo ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafarsa, abincin da na kai masa ya huce a gabansa. Ya ce shekara da shekaru yana kwalfe ruwa daga jirgin da wasu ke hudawa. Ni kuwa na durƙusa na ce to ya je inda ake hudawar mana, ya riƙe musu hannu. Na yi ta kawo masa misalai daga littattafaina, yadda mutumin kirki kan miƙe shi kaɗai gari ya bi bayansa, har ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin matar da ke yi wa mijinta wa'azi da littafin soyayya ba. Amma maganar ta zauna masa. Ni na zuga shi, Yaya, kuma ina alfahari da hakan.

Ke ba ki san shi yadda na san shi ba. Ranar da kuka kai ni asibiti kina can kina faɗa da mai ba da kati, ba ki ga yadda aka yi ba. Ɗakin cike yake, wani na ihu da karayar hannu, wata na birgima, 'yan'uwan marasa lafiya na jan rigarsa ta ko'ina. Ni ina can ƙuryar benci, na kifa kai, ko nishi na kasa. Ya ratsa su duka kamar ba ya jin su, ya tsuguna gabana, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna. Kafin ki dawo da katin an tura ni tiyata, ashe afendis ne ya fashe. Bayan aurenmu na tambaye shi me ya gani a jikina. Na so ya ce kyau. Sai ya ce ƙa'idar aikinsu ce: mai ihu yana da sauran numfashi, zai iya jira, wanda ya yi shiru shi ake fara dubawa. Na yi fushin yini guda, daga baya na ga babu marubuciyar da ta taɓa rubuta kalmar so da ta kai wannan.

Mutum mai irin wannan ido, ki gaya mini, in ya shiga majalisa wa zai sha wahala bai gan shi ba?

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ranar sallama babbar nas ɗinsu, wadda ta girme shi nesa, ta ƙi karɓar hannunsa. Ta ce, "Ɗana, kujerar can masu sonta dubu ne, ɗakin nan kuwa kai kaɗai yake da. Je ka, amma ka dawo mana da idonka." Aka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ki taya mu da addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya yara da makaranta? Na ga amsarki, na kuma ji faɗan. Kin ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ji, amma ruwan bai sauko ba tukuna.

Albishirinki biyu. Likita ya ci zaɓen fidda gwani. Na biyu kuma, ki shirya goyo, ina da ciki. Na so in gaya masa yadda ake yi a littafi, a natse, na ma tsara kalmomin tun safe. Sai dai na faɗa masa a tsaye a bakin ƙofa, waya ɗaya a kunnensa, ɗaya na ƙara a aljihu. Ya rungume ni da hannu guda, ya ce in fara zuwa awo, mota ta yi masa hon ya fita.

Gidanmu ya zama tasha. Falon da nake kwanciya in yi karatu yanzu takalma ne a ƙofarsa kamar na masallaci. Hotunansa sun cika bango har bayan gida. A hoton an goge masa ramin idon nan na rashin barci, an ƙara masa kumatu. Wani lokaci nakan tsaya ina kallon mutumin, ina tunanin a ina na san shi.

Jam'iyya ta haɗa shi da wani mai shirya masa kamfe, kowa Mai Lasifika yake ce masa, don ko gaisuwa zai yi sai maƙwabta sun amsa. Ni "Uwargidan Onarabul" yake kirana, yana yi yana leƙa tukunyata. Fitarsu ta farko suka dawo yana huci. Wai an kai Likita unguwa ya gaisa da jama'a, matasa na ta kirari a gaba, sai ya hangi wata tsohuwa zaune a gindin bango ta rufe ƙafa da zane. Ya bar taron ya tsuguna, ya buɗe ƙafar, gyambo ne ya ci har ƙashi. Nan ya ɓata yammacin yana wankewa. Masu kirari suka watse da fushi, shugaban mazaɓa ya ce an wulaƙanta shi. Mai Lasifika ya tsaya a tsakar falona yana cewa, "Likita, tsohuwar nan ko katin zaɓe ba ta da shi! Ni ƙuri'a na zo nema, ba gyambo ba."

Tun daga ranar ya sa shi a makaranta. Wallahi da idona na gani, Yaya. Ya jera yaran kamfe a falo, Likita na bi yana musabaha. In ya tsaya ya kalli fuskar wani, sai a daka masa tsawa: hannu ga na kusa, ido ga na nesa. Kar ka tsaya kan mutum ɗaya. Inda ihu ya fi ƙarfi, can za ka juya ka ɗaga hannu, don mai ihu shi ke kawo akwati. Da farko yana mantawa, in ya kama hannun mutum sai yatsunsa su zame wuyan hannu da kansu, yaran su fashe da dariya. Ni ma na yi dariyar daga kicin. Ya ce mini na ɗan lokaci ne, in ya shiga ciki zai cire wannan halin kamar riga.

Yanzu ya iya. Mai Lasifika ya ce bai taɓa samun ɗalibi mai kai irinsa ba. Jiya na miƙa masa hannu da wasa, ya girgiza shi da kyau, idonsa na kan ƙofa.

Kin san halina na leƙa shafin ƙarshe kafin in fara littafi. Wannan karon babu inda zan leƙa, shi ya sa barcina ya ragu.

Ki gaida Mama, kar ki gaya mata zancen cikin tukuna.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Wataƙila labari ya iso ku cewa wani ya rasu a babban gangaminsu. Ga yadda aka yi, don ina wajen, a rumfar mata, kusa da matakalar dandamali.

Akwai wani tsoho mai gyaran rediyo a bakin titinmu. Shekarun baya zuciyarsa ta taɓa bugawa, Likita ne ya dawo da shi, tun daga nan yake ce masa "ubana", alhali a haife ya haifi Likitan. Shi ya fara manna hoton Likita a shagonsa kafin kowa. Ranar ya zo tun da hantsi ya kama wuri a bencin gaba, rana na dukansa. Da Likita ya iso, filin ya kaure da ihu da ganguna. Ya bi layin gaba yana musabaha yadda aka koya masa. Kowa ya miƙe, tsohon bai miƙe ba. Yana zaune, ya ɗan karkata, hannu ɗaya a ƙirji, ya ɗago ɗayan da ƙyar. Bai ce uffan ba. Likita ya kama hannun, ya girgiza, ya saki. A daidai lokacin matasan can baya suka ɗaga sunansa, ya juya musu ya ɗaga hannu biyu, ya hau dandamali.

Ni na ga tsohon, Yaya. Na ɗauka kukan murna ne ya hana shi tashi, har na ce a raina wannan wuri ya isa a rubuta shi.

Jawabin ya yi kyau. Yana cikin maganar oksijin, yana cewa babu wanda zai ƙara mutuwa a garin nan don ba a gan shi ba, tsohon ya sulale daga benci. Mutane suka zagaye shi suna fifita. Kafin magana ta kai dandamali ta ratso kiɗa da tafi, an daɗe. Likita ya diro ko matakala bai bi ba, ya yaga masa riga, ya yi ta danna ƙirji, babbar rigarsa na jan ƙasa. Ya daɗe yana yi. Sai da ɗan tsohon ya riƙe masa kafaɗa ya ce, "Likita, bari haka, ya tafi."

Babu wanda ya zarge shi. Iyalan ma godiya suka yi. Mai Lasifika har cewa ya yi hoton da aka ɗauka yana danna ƙirjin zai kawo ƙuri'a, sai da na ce ya fita mini daga gida.

Da muka koma, Likita ya tsaya a wajen famfo yana kallon tafin hannunsa. Ya ce hannun tsohon sanyi ƙalau yake, jiƙe da gumi, a cikin wannan rana. Ya ce ɗalibin da ya shiga ɗakin gaggawa jiya ma ya san ma'anar wannan hannu. Hannunsa ya ji, ya gane, ya gaya masa, shi kuma ya saki don ana kiran sunansa. Ya ce a lokacin akwai sauran dama.

Na ce kwana ne ya ƙare. Ya ce ya sani, ya sha gaya wa mutane haka.

Ki yi mana addu'a.

Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na gode da kayan jariri, sun iso, hular nan ta ba ni dariya rabona da ita.

Kin ji sakamako. Mun faɗi, kuma ba da ƙaramin rata ba. Wasu na cewa an yi maguɗi, wasu na cewa a je kotu. Likita ya ce a bar shi. Ni na san tun kafin ranar zaɓe ya riga ya sauka, gangar jikinsa kawai ake zagayawa da ita a mota.

Gida ya koma shiru. Takalman ƙofa sun ɓace kamar an share. Mai Lasifika yana can gidan wanda ya ci, an ce har ya samu ofis. Na ɓamɓare hotunan, sun tafi da fentin bango, falon ya zama kamar mai ƙyasbi.

Faɗuwar ba ita ke damuna ba. Babbar nas ta zo har gida da ƙafarta. Ta ce ba a samu wanda ya zauna a gurbinsa ba, in ya nemi komawa za a karɓe shi hannu biyu, yaran likitocin da ke wajen tsoron ɗakin suke yi. Ya saurare ta da ladabi har ta gama. Ya ce, "Mama, kin ce in dawo miki da idona. Ban dawo da shi ba." Ta ce kowane likita yana da gawar da ke bin sa, ita ma tana da nata. Ya ce nasa na baya ƙoƙari ya yi ya kasa, wannan kuwa gani ya yi ya wuce. In ya taɓa yi sau ɗaya, me zai hana ya sake? Ta zazzage shi kamar ɗan cikinta, ta ce ragwantaka ce yake sa wa rigar tawali'u, mutane na mutuwa yana zaune yana renon zuciyarsa. Bai ɗago ba. Da na raka ta ƙofa ta kalli fuskata ta ce yaushe rabona da awo. Na ce ina zuwa. Ba na zuwa, Yaya, da wa zan bar shi?

Yini yake a kujerar bakin taga. Farar rigar tana bayan ƙofa ta yi ƙura a kafaɗa, in na ce zan wanke sai ya ce in bar ta.

Babu abin da ban gwada ba cikin abin da na karanta. Na yi kwalliya na zauna gabansa. Na yi kuka mai sauti. Na haɗa akwati na ce gidanku zan tafi, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ya riƙo ni. Ya ce in gaishe ki. Na mayar da kayan da kaina. A littafi irin wannan wuri shafi uku ne, sai wani abu ya faru. Nan babu abin da ke faruwa, sai la'asar ta yi, magariba ta yi.

Sai na tuna ƙa'idarsa. Duk ihun da nake yi, gaya masa nake ina da sauran numfashi. Don haka na yi shiru. Ba gaba nake da shi ba, ina kai masa abinci, ina zama a ƙarshen doguwar kujera inda zai iya ganina. Kaina yana ciwo kwanan nan, ƙafafuna sun kumbura, zoben aurena ya nutse a yatsa. Ban gaya masa ba. In mutumin da ya tsuguna gabana yana nan a ciki, zai gani.

Kar ki yi mini faɗa. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Kar hankalinki ya tashi da ganin rubutuna ya karkace, a kan gadon asibiti nake, akwai allurar ƙarin ruwa a hannuna.

Shiruna ya daɗe fiye da yadda na zata. Yana wucewa ta gabana ya ɗauki kofi, ya dawo ta gabana. Ciwon kai ya ƙaru, na fara ganin wasu ƙyalƙyali kamar ƙwarin fitila, na buɗe littafi layukan suka narke. Na ji tsoro ƙwarai, amma na cije. Na san wauta ce, ba ni kaɗai ba ce a jikin nan. Kullum sai in ce gobe zan yi magana.

Shekaranjiya da safe na miƙa masa shayi, kofin ya kuɓuce. Ya kama hannuna don kar in ƙone. Sai na ji yatsu biyu sun zame zuwa wuyan hannuna. Yaya, numfashi na ɗauke. Ya ɗago ya kalli fuskata, kallo na gaske. Ya ja fatar idona, ya tsuguna ya danna ƙafata da babban yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya ce tun yaushe. Na gaya masa. Ya rufe ido.

Na ɗauka shi ke nan, mun kai shafin da nake jira. Har na fara murmushi. Ya ɗauke ni cak ya sa a mota, ya yi gudun da ban taɓa ganin ya yi ba. A hanya magana ɗaya ya yi. Ya ce makonni ina zaune a gabansa, a cikin ɗakinsa, sai da kofi ya faɗi. Na ce ai ka gani. Ya ce hannunsa ne ya gani, kuma hannun ya gani a wancan karon ma.

A ƙofar ɗakin gaggawa ya tsaya, ya ƙwala wa masu gadon turawa kira da sunayensu, ya gaya wa babbar nas abin da ke damuna da maganin da za a fara, a tsaye daga bakin mota, tiryan-tiryan kamar bai taɓa barin wajen ba. Ta riƙe masa ƙofa a buɗe ta ce, "Shigo mana, matarka ce." Ya ce wani ya duba ni, wanda za a iya yarda da idonsa. Aka tura ni ciki ina waiwaye.

Jinina ne ya hau sosai. Sun ce da an ƙara kwana da sai dai wani labarin. Yana sauka a hankali, amma jaririn bai kai ba, kuma wataƙila dole a ciro shi kafin lokaci. Da na tambayi yarinyar likitar da ke duba ni ko zai rayu, sai ta hau gyara robar ƙarin ruwa. Babbar nas ta yi mini faɗan da ya fi naki, ta ce ciki ba littafi ba ne da za a jira jarumi. Na karɓa. Wanda ke cikina shi ya fi kowa shiru a gidan nan, ni ma ban duba shi ba.

Gadona yana jikin taga. Daga nan ina hango motarmu a gindin bishiyar da ke wajen ajiye motoci. Yana ciki. Yana aiko abinci da magani, yana tsare duk nas ɗin da ta fito ya tambaye ta awon jinina, amma bai tako ƙofar ba. Ɗazu motar asibiti ta shigo da jiniya, an sauke mutane, wasu na kururuwa, ɗaya kwance ba motsi. Na ga ƙofar motarmu ta buɗe, ƙafarsa ɗaya ta sauko ƙasa. Na dafe gilashin taga. Ƙafar ta daɗe a wajen. Sannan ta koma, ƙofar ta rufe.

Ki zo, Yaya. Ki gaya wa Mama komai. Kar ki kawo mini littafi. In kin iso ki biya ta gida tukuna, makulli na wajen maƙwabciya, ki ɗauko farar rigar da ke bayan ƙofa ki wanke ta. Ban ce zai sa ba. Ina dai so in ya tambaya a ce tana da tsabta.

Ki gaida Baban yara da 'ya'yana. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki da ta sauko ƙasa,
Auta